Daga Dawa Zuwa Birni: Tarihin Kalmomin Gagara da Ganganci a Ƙasar Hausa



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne wasu kalmomi waɗanda kowane ɗayanmu ya sani, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi bai ji ɗaya daga cikinsu ba, ko a gida, ko a kasuwa, ko a rediyo. Su ne kalmomin da Bahaushe ke kiran wanda ya ƙi horo, ko wanda ke jefa kansa da waninsa cikin halaka ba tare da tunani ba, kamar gagararre, da kangararre, da ja'iri, da ɗan iska, da ɗan tauri, da ɗan daba, da ɗan banga, da mai ganganci.

Wani zai ce ai wannan aikin masu ƙamus ne, me ya kawo tarihi ciki? Haƙiƙa masu ƙamus sun yi nasu ƙoƙari, tun daga Schön a 1876, da Robinson a 1899, da Bargery wanda ya tara kalmomi fiye da 39,000 a 1934, da Abraham a 1949, har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. Amma ƙamus yana faɗin abin da kalma ke nufi ne a lokacin da aka rubuta ta. Ba ya faɗin wanda ya jefi wani da ita, da dalilin jifan, da abin da ya sami wanda aka jefa. Wannan kuwa aikin tarihi ne.

Maƙasudina shi ne in nuna cewa a tarihin ƙasar Hausa hali ɗaya ake yi wa suna biyu. In mai halin yana ƙarƙashin wani mai iko, sai a kira shi da sunan yabo. In ya kuɓuce, ko kuwa mai ikon ya gama amfani da shi, sai a kira shi da sunan zagi. Saboda haka waɗannan kalmomi ba halin mutum kaɗai suke bayyanawa ba, har da wanda ke riƙe da linzaminsa.

Doki da Linzami

Bari mu fara da tushe. Yawancin kalmomin da muke amfani da su wajen tarbiyyar ɗan Adam daga barga da turke muka ɗauko su. Horo, a asali, aikin da ake yi wa doki ne ko saniyar noma har su saba da umurnin mai su. Daga nan kalmar ta koma kan yaro, ta koma kan mai laifi a gaban alƙali, har ta zo yau ana cewa an tura ma'aikata a horar da su. Haka nan linzami, wanda muka aro daga Larabci, da ragama, da akala: kayan sarrafa doki da raƙumi ne, amma muna cewa wane ya riƙe ragamar mulki, ko an juya akalar magana. Dokin da ke ƙin mahayi shi ne mai tutsu, dabbar da ke kafe ƙafa in an ja ta ita ce mai turjiya, kuma duka biyun muna faɗinsu ga mutum.

Abin lura a nan shi ne, Bahaushe bai taɓa ƙin doki mai zafi ba. Ingarma ake saye da tsada, ba raggon doki ba. Abin da ake ƙi shi ne ƙarfin da ba mai sarrafa shi. Kalmar gagara ita ce babbar shaida. Daga tushenta ɗaya muka sami gagararre, watau yaron da ya fi ƙarfin iyayensa, wanda ba mai son a kira ɗansa da shi. Daga wannan tushen kuma muka sami gagarau da gagarabadau, waɗanda maroƙa ke yi wa sarakuna da jarumai kirari da su, muka kuma sami gagarumin aiki da gagarumin taro. Ma'anar guda ce: abin da ya fi ƙarfin mutane. In sarki ne ya fi ƙarfin abokan gaba, gagarau ne. In ɗan talaka ne ya fi ƙarfin ubansa ko mai unguwa, gagararre ne.

Akwai kuma rabon da Bahaushe ya yi wa duniya gida biyu, watau gari da dawa. Gari shi ne inda ganuwa ta kewaye, inda akwai sarki da alƙali da limami, inda kowa ke da asali da sana'a. Dawa kuwa ta namun daji ce da iskoki. Ɗan iska, ko an ɗauke shi ɗan iskar da ke kaɗawa ba ta da masauki, ko an ɗauke shi wanda iskokin dawa suka shafa, magana ɗaya ake yi: mutum ne wanda ba shi da turke a cikin gari, ba wanda za a kai wa ƙararsa.

Kalmomin da Suka Zo da Littafi

Da Musulunci ya kafu, musamman daga zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, sai wasu kalmomi suka shigo ta hannun malamai. Abin sha'awa game da su shi ne yadda nauyinsu ya ragu a bakin jama'a. Ja'iri a littattafan fiƙihu sifa ce ta shugaban da ya karkace daga adalci, watau laifin masu mulki ne. A Hausar yau kuwa ja'iri shi ne yaro marar kunya, har kaka takan kira jikanta da shi tana dariya. Shaƙiyyi a Larabci shi ne wanda ya taɓe a Lahira, amma a wurinmu ya zama mai barkwanci da tsokana. Kun ga kalmar da aka ƙera don sarki ta sauko ta faɗa kan yaro. Ta'adda kuwa, wadda asalinta ƙetare iyaka ne, ita ba ta yi sauƙi ba, sai ma ƙara nauyi da ta yi, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Kalmar da ta fi muhimmanci ga ma'aikatan shari'a ita ce ganganci, wadda tamu ce ta gado amma malamai suka ɗora mata kaya. Tana da fuska uku. In mutum ya ce da gangan yake yi, ba da gaske ba, wasa yake nufi. In malami yana fassara Risala ko Iziyya ya ce wanda ya ci abinci da gangan da rana a watan azumi kaffara ta hau kansa, amma wanda ya ci da mantuwa ramuwa kurum zai yi, to niyya yake nufi. In kuma an ce direba ya yi tuƙin ganganci, ba ana nufin ya yi niyyar kashe kowa ba ne, ana nufin ya ga hatsari ya rufe ido.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan ƙasar nan suka yi hukunci da ita ɗaruruwan shekaru, kisa iri biyu ne: na ganganci, wanda hukuncinsa ƙisasi ne in dangin mamaci ba su yafe ba, da na kuskure, wanda hukuncinsa diyya ce. Da aka kafa dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, bisa tsarin dokar Sudan wadda ita ma ta samo asali daga ta Indiya, sai aka fito da wani mataki a tsakani, watau jawo mutuwar wani ta hanyar garaje ko sakaci, wanda hukuncinsa bai kai kisa ba. To, kalmar da jama'a suka ba wannan matakin na tsakiya ita ce dai ganganci. Ashe ke nan tafintan kotu da ya tambayi wanda ake tuhuma ko da ganganci ya yi, shi kuwa ya amsa da i, yana iya rubuta niyyar kisa a inda mutumin gudun wuce sa'a kurum yake nufi. Alhali kuwa harshen yana da kalmomin da za su raba gardama: sakaci ga wanda ya bar abin da ya wajaba, garaje ga wanda ya yi gaggawa, wauta ga wanda hankalinsa bai kai ba, ƙuru ga wanda ya san hatsarin ya afka, kasada kuwa ga wanda ya auna riba da hasara kafin ya shiga. Shi ya sa ake yabon falke da kasada, ba a yabonsa da wauta.

Ƙaura, Ɗan Tauri da Daba

Yanzu sai mu dubi mutanen da aka yi wa waɗannan sunaye kafin zuwan Turawa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, kuma aka buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya fara ne da labarin mafarauta. Ya kwatanta Barbushe na Dala da ƙaƙƙarfan mutum mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, yana nuna mana cewa mutumin dawa, mai ƙarfi da asiri, shi ne farkon wanda gari ya ji tsoro kuma ya girmama.

Da sarauta ta yi ƙarfi, ba ta kori irin waɗannan mutane ba, jawo su ta yi ta ba su muƙami. Ƙaura a Katsina da Daura da Maraɗi shi ne shugaban mayaƙa. Garin Ƙaura Namoda sunan wani jarumin jihadi yake ɗauke da shi, kuma a ƙarshen ƙarni na 19 sunan Ƙaura Hasau na Maraɗi kaɗai ya isa ya tashi ƙauye. Haka nan 'yan bindiga: Tarihin Kano ya ce Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki. A Damagaram kuwa Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi masu yawa har ya sa ana ƙera masa igwa a Zinder. A wancan zamani ɗan bindiga bawan sarki ne amintacce, mai ɗaki a fada.

Wanda ya fita daga wannan tsari shi ne ɗan tawaye. Bayan rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1817, Abdussalami ya ƙi bin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a 1818. A Kano kuma Ɗan Tunku ya ƙi yi wa Ibrahim Dabo mubaya'a a 1819. Dukansu biyu sun yi jihadi tare da jama'ar Shehu, kuma jarumtar da aka yabe su da ita jiya ita ce aka kira tawaye yau. Ba halinsu ne ya sake ba, matsayinsu ne ga mai iko.

A ƙasa da waɗannan manya akwai samarin unguwa, 'yan tauri masu shan maganin ƙarfe, waɗanda ke nuna bajintarsu a gangi, da 'yan farauta masu fita dawa da rani da karnuka da gora da barandami. Daba, a bakin waɗannan mafarauta, ita ce matattarar da ƙungiya ke haɗuwa ta yada zango. Ba ta da dangantaka da dabba, wadda kalmar Larabci ce dabam, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su. Kowace daba tana da babba, kowane babba kuma yana ƙarƙashin sarkin dawa ko sarkin baka, wanda shi ma sarki ne ya naɗa shi. Akan yi faɗa a dawa a kan nama, akan ji raunuka, amma al'ada ita ce a bar rikicin dawa a dawa.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris, sai yaƙi tsakanin garuruwa ya ƙare. Ƙaura ya zama hakimi mai tara haraji, 'yan bindigar fada suka rasa aiki. Amma maganin tauri bai ƙare ba, farauta ba ta ƙare ba, gabar unguwa da unguwa kuma ba ta ƙare ba. Ƙarfi ya saura, aikin da aka tanade shi dominsa ya tafi. Shekara kusan hamsin wannan ƙarfi yana zaune yana jiran mai saye.

Zamanin Siyasar Farko

Mai sayen ya zo tare da siyasar jam'iyyu. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, Jam'iyyar Mutanen Arewa kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Tun daga farko kalmomin da muke magana a kansu suka zama makamai. Masu sarauta da ma'aikatan En'e sun riƙa kiran mabiyan Malam Aminu Kano 'yan iska, marasa kunya, marasa asali, domin yawancinsu teloli ne, da mahauta, da 'yan koli, da ƙananan malamai, kuma sun ƙi cire takalmi su faɗi gaisuwa. Wannan suna ya yi aiki a kotunan alƙalai, inda aka riƙa ɗaure mutane da yi musu bulala a kan yin lacca ba izini ko zagin sarki. Mata irin su Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure sau da yawa, sun sha sunan da ya fi wannan muni. Ɗan iska a nan ba ya nufin wanda ba shi da sana'a, yana nufin wanda ya ƙi ladabin da aka saba.

A ɗaya gefen kuma, wajen 1953, shekarar da aka yi tarzomar Kano ta watan Mayu wadda hukuma ta ce mutum 36 sun mutu a cikinta, sai ga wata ƙungiya ta ɓulla a birnin mai suna Jam'iyyar Mahaukata, aikinta dukan 'yan NEPU da tarwatsa taronsu. Ku dubi wannan suna da kyau. A shari'a mahaukaci an ɗauke masa alƙalami, ba a kama shi da laifi. Mutumin da ya kira kansa mahaukaci da bakinsa yana shaida wa jama'a ne cewa ba alƙalin da zai tambaye shi. Su ma 'yan NEPU sai suka tanadi samarin da za su kare laccarsu.

A wannan lokaci ne kalmar banga ta shigo. Daga Ingilishi aka aro ta, watau vanguard, rundunar da ke kan gaba. Da ta shigo Hausa sai ta zama sunan masu rakiyar ɗan siyasa da sanduna. Daga ina aka samo su? Daga daba. Ɗan siyasa bai ƙirƙiri ɗan tauri ba, ya tarar da shi ne a unguwa da ƙungiyarsa da shugabansa da makamansa, ya ba shi kuɗi da mota da alkawarin beli. Ta haka daba ta baro dawa ta shigo birni, kuma ɗan daba ya tashi daga mafarauci ya koma abin da muka sani yau.

Daga 1979 Zuwa Yau

Da aka koma siyasa a 1979, sai aka koma gidan jiya. A Kano hamayyar PRP da NPN, da kuma rabuwar PRP kanta gida biyu, sun buɗe wa 'yan daba kasuwa. A watan Disamba na 1980, lokacin rikicin Maitatsine wanda kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ce ya ci rayuka 4,177, 'yan tauri sun fito sun yi faɗa da 'yan tatsine, jama'a kuma suka sa musu albarka. Wata bakwai bayan haka, ranar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhumar da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarkin Kano Ado Bayero, gungun masu makamai suka ƙona gine-ginen gwamnati, suka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A cikin shekara guda an kira masu ɗauke da gora da adda jarumai, an kuma kira su 'yan ta'adda.

Bayan 1999 kusan kowane gari ya sami nasa suna. A Gombe akwai 'yan kalare, waɗanda ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bayaninsu a rahotonta na 2007. A Bauchi da Jos akwai sara-suka, a Yola 'yan shila, a Kano 'yan jagaliya, a Katsina ƙauraye, a Borno kuma aka yi 'yan ECOMOG. A Zinder ta Jamhuriyar Nijar ƙungiyoyin samari masu ɗaga ƙarfe da faɗan unguwa suna kiran matattararsu palais, kalmar Faransanci mai nufin fada, kuma Aisha Macky ta yi fim a kansu a 2021.

In kun lura za ku ga wani abu a cikin waɗannan sunaye. Mu muna kiransu da sunayen dawa da hauka, su kuwa suna zaɓar wa kansu sunayen hukuma. Ƙauraye jam'in ƙaura ne, sarautar shugaban mayaƙa. ECOMOG rundunar kiyaye zaman lafiya ce da ƙasashen Afirka ta Yamma suka aika Laberiya a 1990. Palais gidan sarki ne. Watau saurayin da muke cewa ya ƙi horo, a ransa soja yake ganin kansa, mai ubangida, mai jiran umurni. Kuma sau da yawa gaskiyarsa ce, yana da ubangidan.

Sa'an nan ku dubi yadda kalmomi biyu suka yi musayar wuri. Ɗan banga, wanda a 1950 da 'yan kai ɗan sandan siyasa ne, yau a gidajen rediyo shi ne mai sintirin tsaron ƙauye, har sai an ƙara masa kalmar siyasa kafin a gane tsohuwar ma'anar. Ɗan bindiga kuwa, wanda yake amintaccen fada, yau shi ne mai satar mutane da shanu a dazuzzukan Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato. Har ta kai a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana abin da ta kira ƙungiyar 'Yan Bindiga da ƙungiyar 'Yan Ta'adda a matsayin ƙungiyoyin ta'addanci, gwamnati kuma ta bayyana hukuncin cikin jaridarta a watan Janairu na 2022. Kowane Bahaushe ya san waɗannan biyu ba sunayen ƙungiya ba ne, siffofi ne na gama-gari. Amma ga su sun shiga dokar ƙasa kamar suna da shugaba da ofis. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin da muke tattaunawa ba wasan malaman harshe ba ne.

Akwai misali ɗaya da ya fi kusa da gidajenmu. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, da yawansu da mari a ƙafa. A makonnin da suka biyo baya aka sami irinsa a Daura da wasu garuruwa. Yawancin waɗanda aka samu a ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu, kuma kalma ɗaya ce ta buɗe ƙofar: kangararre. A ƙarƙashinta aka tara mai shan ƙwaya, da mai taɓin hankali, da ɓarawo, da yaron da gardama kurum ta yi masa yawa. Huɗun nan kowanne maganinsa dabam, amma da yake sunansu ɗaya, sai aka yi musu magani ɗaya. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ya kamata ya san irin iccen da ke hannunsa.

Kammalawa

Jama'a masu sauraro, in muka tattara abin da ya gabata za mu ga abubuwa uku. Na farko, harshenmu yana da wadatar kalmomin da ke bambanta sakaci da garaje, da ƙuru, da niyya, amma mu ne muke tattara su cikin kalma ɗaya saboda ƙyuya. Na biyu, sunan yabo da sunan zagi sukan faɗa kan mutum ɗaya, gwargwadon wanda yake yi wa aiki a ranar. Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, muna da sunaye fiye da goma na yaron da ke riƙe da adda, amma ba mu da sunan zagi ko ɗaya na wanda ya saya masa ita. Shugaban ƙungiya muna ce masa uban daba. Wanda ke biyan uban daba kuwa, ubangida muke ce masa, ko mai girma. Tun daga Jam'iyyar Mahaukata har zuwa kalare, wannan giɓi yana nan a harshe, kuma yana nan a takardun kotu.

Saboda haka ina da roƙo ga ma'aikatan da ke wannan zaure, musamman masu rubuta rahoto, da tafintoci, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da 'yan jarida. Kafin ku rubuta ɗan daba ko kangararre a gaban sunan wani, ku rubuta abin da ya aikata, da ranar, da wurin, domin aiki ake hukuntawa ba laƙabi ba, kuma laƙabin da ya shiga fayil yakan bi mutum har kabarinsa. In kun rubuta ganganci, ku bayyana wanne daga cikin ukun kuke nufi. In kuma rahoto ya ambaci 'yan banga, to bai cika ba sai ya faɗi bangar wa.

Ga ɗalibai kuwa, aiki yana nan jibge. Tsofaffin 'yan farauta da 'yan tauri da suka ga yadda daba take kafin siyasa ta saye ta suna ƙarewa. Littattafan kotunan alƙalai na shekarun 1950 suna ajiye a gidajen adana takardun tarihi na Kaduna da Kano, kuma tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, suna ɗauke da waɗannan kalmomi shekara bayan shekara. Wanda ya zauna ya bi kalma ɗaya tak a cikinsu, ya ga ranar da ta fara fitowa, da wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, zai rubuta tarihin da ba a rubuta ba tukuna, watau tarihin talakan da aka yi amfani da ƙarfinsa sa'an nan aka bar shi da sunan.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.